Kishi da Makirci a Wasan Othello

A ƙasar Tasawa da Mayahi, kamar sauran ƙasar Hausa, idan aka ambaci kishi hankali yakan tafi ga mata da zaman kishiyoyi, amma wasan Othello, wanda William Shakespeare ya rubuta aka kuma nuna shi a fadar Sarkin Ingila a 1604, kishin namiji ya sa a gaba. Wasan ban tausayi ne, wato irin wanda babban mutum yake faɗuwa saboda wani rauni da ke cikin halinsa.

Othello, baƙar fata mai jagorantar sojojin Banis, ya ba Cassio muƙamin da Iago yake haƙo, shi kuwa Iago ya ƙulla sharrin da zai sa Othello ya zargi matarsa da Cassio, ba tare da ya taɓa kawo shaida ta gaskiya ba. Dabararsa, wadda ita ce gwanintar wasan, ita ce ya yi tambaya ya ja baki, ya nuna kamar nauyin maganar yake ji, har Othello ya ƙarasa zargin da kansa. Da adikon da ya ba matarsa Desdemona ya ɓulla a hannun Cassio, sai Othello ya shaƙe ta a tsibirin Saifurus, kafin Emilia, matar Iago, ta tona asiri.

Laifin bai tsaya ga magulmaci kaɗai ba, domin Othello, wanda surukinsa ya ƙi aurensa tun farko, ya riga ya fara shakkar cancantarsa, kuma ko da ya tuhumi matarsa, hukunci ya riga ya yanke, bai saurari musunta ba.