Ƙafar da Ke Tsayar da Mai Ita a Hanya



Bari in fara da doki. A 1831 wani likitan dabbobi a Faransa mai suna Bouley ya lura da dokin da ke ɗingishi in ya yi gudu, in ya huta kuma ya miƙe garau. Da ya mutu aka buɗe shi, sai ga jijiyoyin da ke kai jini ƙafafunsa na baya a toshe. A 1858 wani likita mai suna Charcot ya bayyana irin wannan a jikin mutum.

Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, jijiya: mai kai jini, mai dawo da shi, mai ɗaukar ji, har da agara. Wadda nake nufi yau ita ce mai kai jini daga zuciya zuwa ƙafa. Kitse yakan taru a bangonta a hankali, ya daskare, hanya ta ƙuntace. In mutum na zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya wadatar. Da ya kama tafiya, naman sharaɓa ya nemi ƙari bai samu ba, sai ya ɗaure. Ya tsaya minti kaɗan, ciwon ya lafa. Ya ci gaba, ya dawo a kusan tazarar ɗazu. Kun san dattijon da ke tsayawa gaisuwa sau uku tsakanin gida da masallaci. Wani zumunci ne, wani kuwa ƙafa ce.

Masu lalata jijiyar sanannu ne, taba ce kan gaba, shisha ma ba ta fita ba. Sai ciwon suga, hawan jini, yawan kitse a jini, da shekaru. An ƙiyasta cewa a 2010 mutum fiye da miliyan 200 ke fama da wannan a duniya.

In abu ya yi nisa, ƙafa takan yi sanyi, gashinta ya zube, farce ya yi kauri. Yatsu su riƙa zogi cikin dare har sai an sauko da ƙafar daga gado. Ɗan ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, yatsa ya yi baƙi.

A nan muke yin kuskuren da ya fi damuna. Sai a ce sanyi ne, ko tsufa, ko an tsallaka wani abu. A kira wanzami ya yi tsaga, ko a kara ƙafa a kaskon wuta lokacin hunturu. Ƙafar da jini bai ishe ta ba, da me za ta warkar da tsaga? Mai ciwon suga kuwa, in jijiyoyin jinsa sun mutu, yana iya ƙonewa bai sani ba.

Gwajin gano toshewar ba wuya: a auna ƙarfin jini a idon sawu da dantse, a raba na ƙafa da na hannu. In ya gaza 0.9 akwai toshewa, kuma likita zai duba zuciya, domin kitsen da ya toshe ƙafa ba safai yake barin jijiyoyin zuciya da ƙwaƙwalwa ba. Abin mamaki, tafiyar da ke tayar da ciwon tana cikin maganinsa: rabin awa, sau uku a mako, ana hutawa ana ci gaba.

Amma in ƙafa ta yi sanyi ƙalau farat ɗaya, ta koɗe, ga azaba, ta ƙi motsi, gudan jini ne ya rufe hanya gaba ɗaya. Naman ƙafa ba ya jure fiye da kamar awa 6 a haka, don haka ko tsakar dare ne a nemi mota zuwa asibiti.