Amsoshin Wasiƙunku: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Karatun Limamin Coci?

Wasiƙarmu ta yau daga Mandera ta fito, can wajen Bodinga da Shagari a Jihar Sakkwato. Mai wasiƙar manomi ne. Ya ce yana da abokin ciniki Kirista, sun daɗe suna cin kasuwar Bodinga tare. Ɗan abokin nan yana son shiga makarantar horar da limaman coci, uban kuwa har ya fara shirin sayar da shanun nomansa. Shi ne yake tambaya, shin dole ne uba ya ɗauki wannan nauyi shi kaɗai?

To malam, Allah ya bar zumunci. Amsar ita ce a'a. Ka ce masa ya dakata tukuna, kada ya kai shanun nan kara.

Da farko a san ɗarikarsu. In Katolika ne, karatun Fada doguwar tafiya ce, shekara 4 ta falsafa, 4 ta tauhidi, ban da share fage da aikin gwaji. Amma a babbar makaranta, irin Good Shepherd ta Kaduna ko St. Augustine ta Jos, dayosis ɗin da ya tura ɗalibi shi ke biyan kaso mafi tsoka. Sai yaron ya ga Fadan majami'arsu, shi zai haɗa shi da ofishin dayosis na Sakkwato, inda aka naɗa Bishop Matthew Hassan Kukah a 2011. Akwai ma wata ƙungiya da Jeanne Bigard da mahaifiyarta suka kafa a Faransa a 1889 don horar da limamai 'yan ƙasa, tana tallafa wa irin waɗannan makarantu a Afirka.

In kuwa Fasto zai zama, a makarantar ECWA ta Jos ko TCNN ta Bukuru wadda aka buɗe a 1959, nan kam ana biyan kuɗin makaranta. To amma ai ikilisiya ce ke ba shi takardar shaida. Sai uban ya zauna da Fasto da dattawa a yi magana ƙeƙe-da-ƙeƙe: wa zai biya kuɗin karatu, wa ke da abinci, littattafai da kuɗin mota? A rubuta, don gudun musu. Ana iya yin gonar gayya da sunan ɗalibin, a ware wani abu daga baikon kaka, Zumuntar Mata ma su sa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ka tuna masa, shanun nan shekara ɗaya ko biyu kawai za su biya. Baɗi fa? Ga kuɗin makaranta ya sake zagayowa, ga rumbu wayam. Yaron da zai yi wa jama'a hidima, jama'a ya kamata su goya shi.

Sai mun sake ji daga gare ku. A huta lafiya.