Gyaran yaɓen tsohon gidan dutse kafin damana

Hirarmu ta yau ta shafi masu tsofaffin gidajen dutse, irin na garuruwan Adar, inda aka jera duwatsu aka haɗa su da laka.

Dutse ba ya jin tsoron ruwa. Lakar da ke riƙe da shi ita ce ruwa ke ci. In yaɓe ya tsage, ruwan malka ya shiga, lakar ta jiƙe, sai ka ga bango ya yi ciki, wata rana ya zube bisa mutane.

Wasu maigida na cewa: "In sa siminti in huta." A'a, malam! Siminti bai kama laka sosai, kuma ba ya barin bango ya sha iska. Ruwan da ya samu kafa ya shiga, ba shi da hanyar hita. Daga waje bango sumul, daga ciki kuwa danshi da wari, hatsi na ruɓewa, yara na tari.

Tun da bazara a ƙwanƙwasa yaɓen da hannu. Inda ya yi ƙara kamar ganga, ya saki: a kankare shi. A yayyafa ruwa, a cika tsakanin duwatsu da laka mai ƙaiƙayi wadda ta kwana biyu a kwaɓe, a bari ta bushe kafin a ƙara wata. In akwai makuba, a shafe da ita.

A duba indararo, ya zuba ruwa nesa. Gindin bango kuma a tara mashi ƙasa mai gangara, kada ruwa ya kwanta wurin.