Mabushi da Kayan Busarsa: Abin da Nazarinmu Ya Tsallake

Shugaban taro, wakilan masarauta, 'yan uwana malamai, ɗalibai. Lokaci ƙanƙane aka ba ni, saboda haka zan tafi kai tsaye.

Ƙorafina tsoho ne, wasunku sun sha jin sa a wurin tantance kundaye. Muna cewa muna nazarin waƙar baka, alhali rabinta kawai muke dubawa. Ɗalibi zai ɗauko kaset ɗin Haruna Uji na Haɗeja, ya juye baitoci a takarda, ya fitar da jigo da salo da zubi da tsari, a ba shi digiri. Gurmin da ke hannun mutumin kuwa, wa ya haɗa shi, da me aka yi tsirkiyarsa, yaya yake ɗaure ta kafin ya fara, a hannun wa ya koya, duk wannan layi biyu ne a babin tarihin mawaƙi, in ma an samu. To, wannan mai rera kalmomi ke nan. Mabushi, wanda algaita ta cika masa baki, ko layi biyun ba ya samu.

Bari in kai ku Amurka, ku ga yadda wasu suka riƙe nasu mabushin. Hamonika ɗan abin busa ne da bai wuce tafin hannu ba, mai ramuka goma da harsunan ƙarfe ashirin a ciki. Kamfanin Hohner na Jamus, wanda aka kafa a 1857, shi ya cika duniya da ita, kuma don waƙoƙin Turawa aka tsara muryoyinta. Baƙaƙen kudancin Amurka suka saye ta saboda arha, suka gano cewa in ka zuƙi iska ka sauya zaman harshe da maƙogwaro, muryar za ta lanƙwaso ƙasa, ta ba da sautin da maƙerinta bai sa a ciki ba. A kan wannan lanƙwasa aka gina busar kiɗansu mai suna bulus.

Little Walter, wanda aka haifa a Luwiziyana a 1930, ya bar gida tun yana yaro, ya yi busa a bakin titi, ya isa Cikago, ya shiga ƙungiyar mawaƙin bulus Muddy Waters. Da jita mai lantarki ta fara danne shi, sai ya haɗa hamonika da ƙaramin makirfo a cikin tafukansa, ya rufe su ruf, ya jona da na'urar ƙara sauti, ya matsa mata har muryar ta yi kauri. A 1952 busarsa mai suna Juke, wadda babu kalma ko ɗaya a cikinta, ta hau kan jerin faya-fayan baƙaƙen Amurka. Ya rasu a 1968 yana da shekara 37. Yau an san wa ya kwaikwaya da farko, an san lokacin da ya fara ɗaukar salo daga masu busa sakzafon, an san lokacin da ya koma ga babbar hamonika mai maɓalli, kuma mabusa na gardama har gobe a kan irin makirfon da ya riƙe.

Yanzu mu dawo gida. Masarautu biyar ne a Jigawa: Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim. Duk wanda ya tsaya a Garu, inda fadar Dutse take, ranar hawan Salla ya ji algaita da kunnensa. Ina roƙon wani a zauren nan ya nuna mini kundi guda da ya bi rayuwar mai algaita ɗaya daga yarinta zuwa tsufa, ya nuna yadda busarsa ta sauya, ya auna algaitarsa ya zana ta.

A nan zan daɗe, domin nan ne hujjata take. Algaita itace ne da aka fafe aka lulluɓe da fata, da ramukan yatsu 'yan kaɗan, da siririn bututun ƙarfe a sama, da faifan da leɓe ke dafawa, sai ɗan kara mai baki biyu wanda mabushi ke sakawa gaba ɗaya cikin bakinsa. Wannan ɗan karan shi ne ran algaita. In ya bushe ba ya magana, in ya jiƙe da yawa ya mutu, in an fere shi ba daidai ba muryar ta karkace. Mabushi ya san inda ake samo shi, da lokacin yankansa, da yadda ake gyara shi, kuma wannan sani a kansa yake, ba a takarda ba. Sannan ga numfashi. Kumatun nan da kuke gani sun kumbura, aiki suke yi: yana tara iska a cikinsu yana turawa, a daidai lokacin yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa ko da sarki zai ratsa gari. A makarantun kiɗa na Turai darasi ne mai wuya da ake biyan kuɗi a koya. A nan yaro yana koyonsa a zauren ubansa, mu kuma muna wuce shi a ƙofar fada ba mu tambaye shi komai ba.

Abin da ya fi damuna, mu masu nazarin harshe ba mu da uzuri ko kaɗan. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowa a nan ya koyar da hakan. Mai algaita, idan yana busa taken sarki ko na hakimi, hawa da saukar kalmomin yake bi, da tsawon gaɓoɓinsu, har bafade ya ji ya san wa ake kira da abin da aka ce masa. Ashe ke nan busar magana ce. Wane sauti yake riƙewa, wane yake sakewa, yaya yake yi da faɗuwar murya, me ke sa mai sauraro ya gane jimla babu baƙi babu wasali? Waɗannan tambayoyin ilimin furuci ne tsantsa, kuma amsarsu tana ƙofar fadar Dutse, tafiyar 'yan mintuna daga jami'ar da aka kafa a garin nan a 2011.

Baƙi sun riga mu. A 1955 Bernard Fagg ya yi nazarin duwatsun kiɗa na Birnin Kudu. David Ames ya zauna a Zariya, Anthony King a Katsina, suka fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971. Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da bulus, ya kafa hujja cewa yawancin siffofin kiɗan daga yankin nan namu na Sudan ta tsakiya suka fito, har ya jera sautin wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru kusa da na mawaƙin Misisifi. Ana iya jayayya da shi, amma wanda zai yi jayayyar sai ya san goge da algaita, ba baitoci kaɗai ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa makaɗanmu hidimar da ba mai musunta ta, ya kuma bar wa kiɗa gurbi a tsarin nazarinsa. Mu ne muka mayar da gurbin wurin lissafa sunayen kayan kiɗa a wuce.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce busa roƙo ce, ba ilimi ba. Shata da Ɗanƙwairo ma an ce musu maroƙa, ga kundaye a kansu sun cika kanta. Wasu za su ce fiyano ta situdiyo ta riga ta maye gurbin komai. Fiyano tana kwaikwayon muryar algaita, amma ba ta busa take, kuma ba a hawan Salla da ita. Masu cewa babu kuɗi kuwa, na'urar ɗaukar sauti mai kyau ba ta kai kuɗin abincin taro irin wannan ba.

Abin da nake nema bai sauya ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su nemi izinin masarautu, su ɗauki mabusan fada a matsayin masu koyarwa, da albashi da suna a jadawalin darasi, ba a kira su ranar bikin yaye ɗalibai a sallame su da goro ba. A ɗauki kowane take sau biyu: mabushi ya busa shi, sannan ya faɗe shi da baki, a ajiye su tare. A bi mai fafe itacen da mai ɗinka fatar da maƙerin bututun, a rubuta aikinsu da sunayen da su suke kiran kowane sashe. A yi haka ga kakaki da farai da sarewar makiyayan Jahun da Kiyawa. Rediyon Jigawa ya ware wa mabusa fili, su yi bayani da bakinsu. Mu kuma a sassanmu, daga zangon karatu mai zuwa, kada mu sa hannu a kan kundin waƙar baka sai ɗalibin ya zauna da wanda ke riƙe da kayan kiɗan, ya kawo sautin tare da takardar.