Kuɗin Sallama Ba Fansho Ba Ne



Zancenmu na yau a kan mutumin da ya ajiye aikin kamfani da kansa ne, aka damƙa masa kuɗi a dunƙule, ya dawo gida. Za ku ce ina ruwan mai sanda da mai fatauci da zancen ma'aikata? To da ruwanku. Kuɗin nan in ya fito wurinku yake zuwa: ko ya sayi shanu ya ba ku kiwo, ko ya ce ku shigar da shi harkar albasa. Sau da yawa ma ƙaninku ne ko surukinku.

Abin ya samo asali tun 1983, lokacin da gwamnatin Rawlings ta karɓi sharuɗɗan Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni. Aka buɗe ƙofa ga kayan waje, aka shiga rage ma'aikatan gwamnati, a 1988 kuma aka kafa kwamitin sayar da kamfanoninta. Mu a arewa mun gani da idonmu. Kamfanin nama na Zuarungu, kusa da Bolga, wanda ke sayen shanu har daga Burkina, ya tsaya. Na tumatir a Pwalugu ya tsaya. Masaƙun Ghana da suka ɗauki mutum wajen 25,000 a shekarun 1970 sun koma ba su kai 3,000 ba a 2005, atamfar Sin ta cika kasuwa. 'Yan'uwanmu na Kaduna da Kano sun san wannan labari, don nasu masaƙun haka suka mutu.

Daga baya salon ya canza. Maimakon a kore ka, sai a ce wa yake so ya tafi don raɗin kansa? A 2008 Vodafone ya sayi kashi 70 cikin ɗari na Ghana Telecom a kan dala miliyan 900. Ba a daɗe ba aka yi tayin ajiye aiki, ɗaruruwa suka karɓa, bayan nan kuma aka sallami wasu da ba su nema ba. Saboda haka kalmar nan "raɗin kai" ku riƙe ta da hankali. Mutum ya hango gatari na zuwa ne, ya ga gara ya fita da ɗan abin hannu.

Ga inda ake ruɗewa. Kuɗin sallama daban, fansho daban. Na sallama kamfani ne ke biya, sau ɗaya tak, kuma dokar ƙwadago ta 2003 ta ce sasantawa ake yi a kan adadinsa tsakanin kamfani da ma'aikaci ko ƙungiyarsa. Fansho kuwa na SSNIT ne. Cikakke sai shekara 60. Daga 55 ana iya karɓa, amma ragagge. Kuma a dokar yanzu sai ka zuba na wata 180, wato shekara 15. To mai shekara 45 da ya sa hannu yau, shekara 10 ke gabansa ba albashi, ba fansho. Kuɗin kuma ba ya jira: a Disambar 2022 tsadar kaya a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari a shekara guda. Wanda ya ɓoye nasa a ƙarƙashin katifa, kusan sulusin ƙarfinsa ya tafi yana barci.

Malam makiyayi, in irin wannan mutum ya zo maka, faɗa masa gaskiya tun kafin ya sayi ko maraƙi. Shi ya saba da ƙarshen wata, saniya kuwa ba ta san ƙarshen wata ba. Karsana sai ta kai shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara haihuwa, cikin ma wata tara ne. Akwai rani, akwai ciwon huhu, akwai ɓarayi, akwai diyya in sun shiga gonar wani. Wa zai sayi angurya da magani? Nonon na wa? In ta mutu, me za ka kawo masa shaida? Ku zauna gaban Sarkin Fulani ko Sarkin Zango, da shaidu, a rubuta. Na san wasu na ganin takarda rashin yarda ce. Ni dai ban ga zumuncin da takarda ta ɓata ba, amma na ga wanda saniya ɗaya ta raba.

Alhaji, Hajiya, ku ma haka. Kada ku bar shi ya zuba duka a mota ɗaya. Kun tuna 2023, bayan juyin mulkin Nijar, yadda albasa ta ruɓe a kan iyaka. Kun san abin da canjin sidi da sefa ke yi wa riba tsakanin Paga da Wagadugu. Shi bai sani ba. Ya fara da buhu kaɗan, ya bi ku tafiya biyu ko uku, ya ga hanya da idonsa.

Kai kuma da takardar ke hannunka, kafin ka sa hannu ɗauki Ghana Card ɗinka ka je ofishin SSNIT na Tamale, ka ce a nuna maka wata nawa ka zuba. In ba su kai 180 ba, tambayi yadda za ka ci gaba da zubawa a matsayin mai sana'ar kansa, don akwai wannan tsari. Sannan ka kai takardar wa wakilin ƙungiyarku ya karanta maka ita layi-layi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.