Tsohuwar Garma Ba Ta Rasa Maƙeri



Mu mutanen Ɗambatta mun san manomi ba ya yar da garmarsa don ta tsufa, wurin maƙeri yake kai ta. To, haka ya kamata mu ɗauki tsofaffin kwamfutocinmu na gwanjo, waɗanda wasunmu sai da aka sayar da gyaɗa kana aka saya musu.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10. Ita kuwa Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta amincewa sai da kwamfuta mai guntun tsaro TPM 2.0. Lalle manhajar Rufus tana tsallake wannan shinge, amma kamfanin bai yi alkawarin aiko wa irin wannan kwamfuta gyare-gyaren tsaro ba. Wanda ya bi nan, ya san kasada ya yi.

Hanya ta biyu ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya soma a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Linux Mint kyauta ce, gigabait 2 na ƙwaƙwalwa ya ishe ta, kuma ana iya gwada ta daga filas ba tare da an taɓa komai ba.

Kowace kuka zaɓa, ku fara kwafe kundin bincikenku wani wuri, ku cika baturi don gudun ɗauke wuta, domin aikin shekara huɗu ba abin wasa ba ne.