Jawabin Shugabar Taro a Bikin Yaye Ɗaliban Kwas na Kare Haƙƙin Filaye da Gonaki

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Wakilin Mai Girma Gwamna. Iyayenmu hakimai da dagatai. Alƙalai da 'yan uwana lauyoyi. Malamai, 'yan jarida, iyayen ɗalibai, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau.

Kun iya karanta takardar mallakar fili, kun iya auna iyakar gona, kun iya rubuta ƙorafi, kun san Dokar Filaye ta 1978 ciki da bai, kun zaga ƙauyuka kun ɗauki bayanan manoma da makiyaya. Madalla da ku, madalla da malamanku.

Sai dai ba zan ɓoye muku haɗarin aikin ba. Ƙungiyar Global Witness ta ƙirga masu kare ƙasa da muhalli sama da 2,100 da aka kashe daga 2012 zuwa 2023, fiye da kashi ɗaya cikin uku 'yan asalin wuraren ne. A 2023 kaɗai mutum 196, 79 daga ciki a Kolombiya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sau da yawa takardar tuhuma kan riga harsashi isowa. Berta Cáceres, 'yar ƙabilar Lenka a Honduras, ta hana a datse kogin Gualcarque. Tun 2013 aka maka ta a kotu, a watan Maris na 2016 aka bi ta har gida aka harbe ta. Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni takwas kuwa, kotu ta musamman aka kafa musu kafin a rataye su a Fatakwal ran 10 ga Nuwamba, 1995. A Loliondo ta Tanzaniya, Masai 24 aka tuhuma da kisan ɗan sanda a 2022, suka yi watanni a tsare, sannan aka janye ƙarar. Wa ya biya su watannin? Dattawan da ke nan ba su manta Bakolori ba, 1980, manoman da suka nemi diyyar gonakinsu aka amsa musu da bindiga.



Shi ya sa nake nanata batun asusun beli da kuɗin lauya. Idan aka kama ɗaya daga cikin yaran nan ranar Juma'a da yamma, wa zai tsaya masa? Wa zai biya kuɗin mota zuwa kotu a zama na goma? Bara a zauren nan aka yi alƙawura, aka tafa, amma galibi ba mu ga ko sisi ba. Ranka ya daɗe wakilin Gwamna, a isar mana da wannan saƙo. Ma'aji na bakin ƙofa da littafin rasit; duk wanda ya yi alƙawari bara, ya biya ta wurinsa kafin a raba takardun shaida.

Allah ya tsare mana ku.